Mashayar Haworth da Majalisar Karofi: Tarke a kan Abin da Ake Nuna wa Baƙo a Ƙofar Mata

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi tarke a kan yadda ake gabatar da marinar Ƙofar Mata ta birnin Kano ga masu yawon buɗe ido, a kuma auna wannan da abin da ya sami wata tsohuwar mashaya a wani ƙauye na ƙasar Ingila, wanda adabi ya mayar da shi wurin ziyara. Na san da jin kalmar mashaya a taro irin wannan, wasu daga cikin malamaina za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon a yi mini haƙuri, domin abin da ke cikin moɗa bai dame ni ba a nan. Abin da nake bi shi ne zaman da ake yi, da maganar da ke fitowa daga zaman, da kuma abin da ke faruwa ga wannan magana idan baƙi suka fara zuwa kallo da kuɗi a hannu.

Kowace al'umma tana da wurin da mazajenta ke haɗuwa bayan gida da wurin ibada, su huta, su ji labarin gari, su yi wa juna ba'a, su yanke wa wanda ba ya nan hukunci. A ƙauyukan Ingila mashaya ce ta daɗe tana wannan aiki. A cikin ganuwar Kano kuwa majalisa ce, ko dai a zaure, ko a dakali, ko a inuwar wurin sana'a. Ra'ayin da zan kare shi ne, a wuraren nan biyu duka an zaɓi abin da ido zai gani an adana shi, an bar abin da kunne zai ji yana salwanta, kuma asarar da muke yi a Ƙofar Mata asara ce ta adabi wadda ta shafi manazarta Hausa kai tsaye.

2.0 Mashayar Black Bull a Haworth

Haworth ƙauye ne a kan tudu a yammacin lardin Yokshaya. A shekarar 1820 aka kawo wani limamin coci mai suna Patrick Bronte ya zauna a can da iyalinsa. 'Ya'yansa mata uku, watau Charlotte da Emily da Anne, su ne suka ɗaukaka sunan ƙauyen, domin a shekarar 1847 kowaccensu ta fitar da ƙagaggen labari: Jane Eyre, da Wuthering Heights, da Agnes Grey. Suna da ɗan'uwa namiji guda, Branwell, wanda aka fi sa wa rai tun yana yaro, amma bai tsinana abin kirki ba. Shaye-shaye ya cinye shi, ya rasu a 1848 yana da shekara 31.

A bakin cocin mahaifinsu akwai wata mashaya da ake kira Black Bull, watau Baƙin Bijimi. A nan Branwell yake zama. Elizabeth Gaskell, wadda ta rubuta tarihin rayuwar Charlotte a 1857, ta kawo labarin cewa idan matafiyi ya sauka a mashayar kaɗaici ya dame shi, mai gidan yakan aika a kira Branwell ya zo ya ɗebe masa kewa, saboda Allah ya yi masa baiwar iya zance. Wannan batu yana da muhimmanci ga abin da muke tattaunawa. Tun kafin a san 'yan matan nan a duniya, abin da mashayar ke alfahari da shi, har take miƙa wa baƙo, shi ne hira.

Littafin Gaskell ne ya buɗe ƙofar ziyara. A 1893 aka kafa ƙungiyar masoya adabin gidan Bronte, a 1928 kuma aka mayar da gidan da suka zauna ya zama gidan tarihi. Daga nan ƙauyen ya koma rayuwa a kan baƙi. Mashayar ta sami nata rabo, an daɗe ana nuna wa masu ziyara wata kujera ana danganta ta da Branwell, baƙo ya zauna a ɗauke shi hoto ya tafi da murna.

To amma mu tambaya, su wa ke cika wannan mashaya a zamanin Branwell? Haworth garin masaƙa ne da masu shacen gashin tumaki da ma'aikatan masaƙun zamani da suka fara kafuwa a kwarin da ke ƙasa. Rayuwarsu mai tsanani ce. Wani jami'i mai suna Babbage da aka aiko ya binciki tsabtar garin a 1850 ya tarar cewa matsakaicin shekarun da mutanen garin ke mutuwa bai kai 26 ba, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na yara ba sa kai shekara 6. Waɗannan mutane su ne 'yan majalisar Black Bull na haƙiƙa. Karin harshensu ya shiga cikin Wuthering Heights ta bakin wani tsohon bara mai suna Joseph, har sai da Charlotte ta sassauta maganarsa a bugu na biyu don mutanen kudancin Ingila su fahimta. Duk da haka, abin da mai ziyara ya fi tafiya da shi shi ne sunan ɗan liman da kujerarsa. An riƙe suna guda ɗaya saboda yana da dangantaka da littafi, an bar sauran majalisar a baya.

3.0 Abin da ya tsaya a matsayin mashaya a birnin Kano

Idan muka dawo gida, wajibi ne mu fara da faɗin gaskiya cewa mashaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maguzawan karkarar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya yi nazari a kansu ya buga littafi a 1946, suna dafa giya ta dawa, kuma tana da gurbi a bukukuwansu da aikin gayya. A waƙa ma ta bayyana ta fuska biyu. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya rubuta Waƙar Giya yana tsoratarwa, Alhaji Mamman Shata kuma yana da wata shahararriyar waƙa da ya yi wa masu sha. Sai dai cikin ganuwa dabam ne. Addini ya hana, al'ada ta ƙyamata, su kansu Turawan mulki sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Birasal a 1890. Da aka kafa Sabon Gari wajejen 1913, sai mashaya ta sami mazauni a can, bayan ganuwa. A shekarar 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a 2003 kuma aka kafa Hukumar Hisba. Saboda haka duk wanda ya shigo ta Ƙofar Mata yana neman irin Black Bull, ya ɓata hanya.

Amma aikin da mashaya ke yi a Haworth ana yin sa a Kano ba tare da ita ba. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Ray Oldenburg, ya fitar da littafi a 1989 inda ya kira irin wannan wuri da wuri na uku, watau wanda ba gida ba, ba kuma wurin aiki ba. Ma'aunin nasa ya dace da teburin mai shayi, ya kuma dace da fada irin ta samarin Jamhuriyar Nijar, wadda ta yaɗu daga Damagaram tun shekarun 1990, Adeline Masquelier ta yi littafi a kanta a 2019. Inda ma'aunin ya gaza shi ne, a tsohon birni irin Kano wuri na biyu da na uku sau da yawa abu ɗaya ne. Maƙera majalisa ce, rumfar ɗinki majalisa ce, haka dukanci, haka majema, haka karofi. Dalili kuwa shi ne yawancin sana'o'inmu na gargajiya hannu suke kamawa, su bar baki sake. Madunki yana sharaɓa yana zance. Marini ya tsoma zane sai ya ɗaga ya jira iska ta buge shi kafin ya sake tsomawa, kuma wannan jira shi ke haifar da hira. Wanda ba shi da aiki a wurin ma yakan zo ya zauna, ba a tambayarsa abin da ya kawo shi.

4.0 Zaman hira a rubutaccen zube na Hausa

Mai sauraro zai iya cewa, to wannan ai batun zamantakewa ne, ina adabi a ciki? Amsar tana cikin littattafanmu na farko. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Idan aka duba uku na farko za a ga dukansu a kan zaman hira aka gina su. A Ruwan Bagaja, Koje Sarkin Labari ne ya iso Kwantagora, Alhaji Imam ya zauna ya ba shi labarin yawonsa a gaban jama'a. A Ganɗoki, tsohon mayaƙi ne ke ba matasa labarin gwagwarmayarsa. A Shaihu Umar, malami ne a Rauta ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Ko a Magana Jari Ce, da ta biyo baya daga 1937, aku ne ke riƙe da ɗan sarki da labarai a fada.

Watau marubutanmu na farko, da aka ce su rubuta labari a takarda, abin da suka fara yi shi ne suka shimfiɗa tabarma suka zaunar da mai ba da labari da masu sauraro. Ba su iya tunanin labari ba tare da majalisa ba, domin a majalisa suka san shi. Ke nan majalisa ita ce uwar zubenmu. Sai dai a lura da irin majalisun da suka zaɓa: ta attajiri mai yawon duniya, da ta mayaƙi, da ta malami, da ta fada. A cikin huɗun nan babu majalisar mai sana'a. Wannan ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa marubutan malaman makaranta ne da 'ya'yan malamai da masu alaƙa da sarauta. Abin mamaki shi ne mu da muka zo daga baya, muka kafa sassan nazarin Hausa a jami'o'i, ba mu cike wannan giɓi yadda ya kamata ba.

Alhali kuwa harshen da muke magana da shi kullum yana ɗauke da shaidar karofi. Idan Bahaushe zai ambaci mai arziki sai ya ce mai hannu da shuni. Idan abin da ya yi tsammani ya faru sai ya ce a rina, an saci zanen mahaukaciya, domin ɓarawon zanen da kowa ya sani ba shi da mafita sai ya kai shi marina a sauya masa kama. Wannan karin magana kaɗai ya isa ya nuna cewa marini yana ganin asirin gari: ya san wanda ya kawo tsohuwar riga a sabunta masa don Salla saboda babu halin sabuwa, ya san gidan da ake shirin biki tun kafin a raba goro. Wurin da irin wannan sani ke taruwa ba ya rasa labari.

5.0 Karofin Ƙofar Mata

5.1 Abin da tarihi ya tabbatar

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Ƙofar Mata cikin faɗaɗa ganuwa da Sarki Muhammadu Rumfa ya yi, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Shekarar 1498 da ake faɗa wa baƙi a matsayin shekarar kafa marinar ta faɗo cikin ƙarshen zamaninsa. A ƙarni na 19 rini ya kai matuƙar bunƙasa. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya bayyana cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kai wa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajar wannan sana'a da wuri miliyan 300 a shekara. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan wannan masana'anta, ya nuna cewa ƙarfinta ya bazu a garuruwan masarautar, musamman Kura, inda ake yin turkuɗi da rawani ɗan Kura da Buzaye ke sha'awa. Ƙofar Mata ɗaya ce daga cikin karofi masu yawa, a birni da karkara. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne ta wanzu, kuma tana bakin hanya.

Aikin kansa ilmi ne mai zurfi. Ana haƙa rami mai zurfi a shafe shi da laso, wanda ake haɗawa da katsi da gashin dabbobi daga majema da ruwan dafara, don kada ruwa ya tsiyaye. A zuba ruwa da baba da toka, a riƙa motsawa da muciya, a bar shi kwanaki har ya nuna. Zane yakan fito daga ramin da launin kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, kuma yawan tsomawa shi ke kawo duhun launi. Idan ramin ya mutu a kwashe laka a ƙone ta zama katsi, a sake amfani da ita. Daga nan kaya su wuce mabuga, a buge su a kan gungume har su yi ƙyalli. Kowane mataki yana da sunansa, kowane kuskure yana da sunansa, kuma a baki ake koyar da su.

Sana'ar ta ja baya saboda dalilai sanannu. Tun 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Sa'an nan yadin kanti ya zo, daga baya kuma atamfa da shadda masu araha daga Sin suka cika kasuwa. Ramuka da dama sun bushe, wasu shara ta cike su. Da ciniki ya ragu sai marinar ta ƙara dogara ga baƙi, su ma baƙin suka ɗauke ƙafa bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu, 2012.

5.2 Abin da ake nuna wa baƙo

Na sha raka baƙi wannan wuri, kuma tsarin ziyarar kusan ɗaya ne kullum. Da an shiga wani zai tarye ku ya fara jawabi, yawanci da Ingilishi. Zai faɗi 1498, ya lissafa baba da toka, ya nuna zurfin rami, ya sa a tsoma ƙyalle a ɗaga don baƙo ya ga yadda launi ke juyawa. Daga nan a wuce wurin masu bugu a ɗauki hoto, a ƙare a wurin da aka baza kayan sayarwa. Cikin rabin sa'a an gama. Ban ga laifin masu wannan jawabi ba, abincinsu suke nema, kuma abin da suka lura baƙo na so shi suke ba shi.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne wata rana da na kai wani baƙo mai nazarin harshe. Muna shiga na hangi dattawa uku a inuwa, ɗaya yana ba da wani labari, sauran suna ta dariya har ɗaya yana share hawaye. Da muka matso sai suka yi shiru, suka amsa sallama, mai ba da labarin ya tashi ya kama muciya ya tsaya yadda ake tsayawa a ɗauki hoto. Muna juya baya hira ta ci gaba. Baƙona ya koma ƙasarsu da hotuna masu kyau da zane biyu, bai ji ko jimla ɗaya ta abin da ya kawo shi Kano ba. Ni ma da na raka shi ban ji ba, kuma laifina ya fi nasa, domin ni ina jin harshen.

Aibin wannan tsari uku ne. Na farko, ya mayar da tarihi lamba guda. Shekarar 1498 ta zama kamar kujerar Branwell, abu ɗaya mai sauƙin riƙewa da ke rufe sauran. Tarihin Kano ƙofar ya ambata, bai yanka wa marinar shekara ba, kuma abin da marina da kansu ke riƙe da shi na wane ya gaji wane, da wace zuriya ta zo daga ina, da shekarar da aka yi ciniki da wadda aka yi asara, ya fi wannan lamba amfani ga mai nazari. Na biyu, ya mayar da marini gunki. A jawabin da ake yi, hannunsa ake nunawa, ba a neman bakinsa. Na uku, kuma mafi haɗari, jawabin yana komowa ya zama shi ne abin da 'yan gida suka sani. Ɗaliban makarantun Kano da ake kai wa ziyara fassarar wannan jawabi ake karanta musu. Yaron da kakansa marini ne zai tashi ya san 1498, bai san mene ne katsi ba.

6.0 Wata suka da za a iya yi wa wannan ra'ayi

Za a iya cewa, idan aka buɗe majalisa ga baƙo ai an kashe ta, domin hirar da ake yi don a ji ta zama wasan kwaikwayo. Wannan gaskiya ne, kuma misalin Branwell ya tabbatar da shi. Mutumin da ake aika wa ya zo ya yi wa matafiyi zance a biya shi da abin sha ya riga ya zama kayan nishaɗi, kuma mun ga yadda ya ƙare. Ba na fatan a wayi gari an ajiye wani tsoho a bakin karofi ana biyansa ya riƙa jero karin magana ga Turawa. Shirun da dattawan nan suka yi mana haƙƙinsu ne, majalisa tana da sirrinta.

Za a kuma iya cewa majalisar karofi ta maza ce zalla, saboda haka duk wanda ya ɗauke ta a matsayin muryar sana'ar ya manta da rabi. Wannan ma gaskiya ne. Ƙulle-ƙullen da ke fitar da zane a jikin yadi yawanci mata ne ke yin su a cikin gida, kamar yadda kaɗin zare ya kasance aikinsu tun da. Suna da tasu hirar, da sunayen da suke ba kowane irin ƙulli. A Haworth ma haka abin yake: ɗan'uwan yana mashaya, 'yan matan da suka rubuta littattafan suna gida suna zagaya teburin cin abinci da dare suna karanta wa juna abin da suka rubuta. Wanda ya tsaya a mashaya kaɗai bai ga inda aka yi aikin ba.

Waɗannan suka biyu ba su rushe ra'ayina ba, sun dai nuna wanda nauyin ke kansa. Baƙon rabin sa'a ba zai iya ba. Aikin na ɗan gida ne mai jin harshe, wanda zai zauna wata da watanni har a daina yin shiru idan ya iso, kuma na ɗaliba mace ce wadda za ta iya shiga cikin gida.

7.0 Kammalawa

A 2007 an sa ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, a ƙarshen 2024 kuma hukumar ta amince da hawan Sallar Kano cikin al'adun da ake gado. Wannan abin farin ciki ne, amma duka biyun abubuwan kallo ne. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a Ƙofar Mata maganar ta tabbata ta hanyar da ba a so.

Saboda haka ina ba da shawara uku ga wannan taro. Ta farko, sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu, da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, su tura ɗalibai su ɗauki maganar marina da masu bugu da mata masu ƙulli, da izininsu, a rubuta ta yadda suka faɗe ta, ba tare da an gyara musu Hausa ba, don kada mu maimaita abin da aka yi wa Joseph a bugu na biyu. Ta biyu, a tattara kalmomin sana'ar da karin maganarta da tarihin zuriyoyinta a buga da Hausa, a mayar wa marinar da kofe, ya zama daga nan ake ciro abin da za a faɗa wa ɗalibai masu ziyara. Ta uku ta marubuta ce. Adabin kasuwar Kano, tun daga Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ya nuna cewa rayuwar birnin nan ta isa a yi littafi a kanta a kuma saya. Abubakar Imam ya zaunar da mai ba da labarinsa a Kwantagora, Tafawa Ɓalewa ya zaunar da nasa a Rauta. Babu abin da zai hana marubucin yau ya zaunar da nasa a bakin karofi.

Ramin da ya bushe ana iya yashe shi a sake shafe shi da laso, matuƙar akwai wanda ya san yadda ake haɗa lason. Wannan sani kuwa yana bakin dattawan da ke zaune a inuwa, kuma yawansu raguwa yake yi kowace shekara. Allah ya sa mu isa gare su da wuri.